Ranar da Na Miƙa Igiyar Bikili

Shin don dokin ya aike ni, ko don kada in ga fitar ransa? Da wannan tambayar na tsufa. Haƙorana sun zube, idona ya dushe, ban sami mai amsa mini ba, don mai amsar tun a ranar aka rufe shi da ƙasa. Ke jikata da kike rubutawa, kada hawayen nan su dame ki. Bar su su zuba, ki dai sa maganar yadda na faɗe ta.

Abin da ya tayar mini da ita, jiya ina zaune a inuwa na ji an ce yaran gidan nan sun tumɓuke wani tsohon ice a tsakar gida don su sami wurin ajiye babur. Na ce a kawo mini in taɓa. Da na shafa kansa na ji santsin da igiya ta yi masa, sai na gane turke ne. Su ba su ma san mene ne ba. A garinmu, yamma da Gangara, da can ba ka wuce gida uku ba ka ji warin barga ba. Asubar fari sautin tabarya ke tashe mu, sai kukan igiya tana goga icen bakin rijiya, sai haniniyar dawaki suna kiran a kawo musu harawa. Rijiyoyinmu na Damargu masu zurfi ne, hannun mutum ba ya iya musu, sai an ɗaura wa dabba igiya ta ja ta yi nisa kafin wasaki, babban gugan nan na fata, ya leƙo. Yau injin niƙa ne ke tashe ni, da ƙarar babura, da kukan salula a aljihun kowa. Wanda ke ciwo a nan, kafin ya juya an ji labarinsa a Damagaram. A zamanin da nake ba ki labari, jim kaɗan bayan tafiyar Nasara, in ka bar mutum a kwance ka fita gari, ba ka san halin da yake ciki ba sai ƙafarka ta dawo da kai.

Maigidana, kakanki, ban taɓa kama sunansa ba yana da rai, ba kuwa zan fara yanzu ba. Ya girme ni nesa. Manomi ne, kuma mai bin sawu: in raƙumi ya ɓata ko an kora shanu, shi ake zuwa wa. Dokinsa Bikili na tarar a gidan, ya riga ni shiga. Babu aikin da dokin nan bai iya ba. Da shi ake bin sawu har dajin Tarka, da shi ake jan ruwa in bijimin unguwa ya gaza, a kansa ake ɗauko dammunan gero da kaka, shi ake aikawa ɗauko ungozoma daga ƙauyen gaba, don tafiyarsa ba ta girgiza tsohuwa. In mai guga ya yi kira daga bakin rijiya cewa wasaki ya fito, Bikili ba ya jira a juya shi, da kansa yake juyowa. Ni ma a kansa na koyi hawa, a can bayan gonaki inda ba mai ganinmu, maigida yana riƙe da linzami yana dariya yana cewa, “Ƴar Gangara, saki jikinki, ya fi ki sanin hanya.” Haka yake kirana, Ƴar Gangara. Amma a shekarar da nake faɗa, Bikili ya tsufa. Furfura ta fito masa a saman ido, turamen haƙoransa sun cinye har sai na jiƙa masa gero da dusa kafin ya iya ci, idonsa na hagu ya fara hazo.

Ciwon ya kama maigida tun kaka. Tari ne da farko, sannan ƙafafu suka kumbura, sannan ciki. Aka yi sassaƙe, aka yi rubutu, aka yi ƙaho. Kullum sai ya ce gobe zai miƙe, don haka bai yarda a yi zancen dokin ba. Har bazara ta shigo, zafin nan da ke sa tsuntsu ya buɗe baki a kan reshe, shi kuwa ko juyawa ba ya iya yi sai na taimake shi. Ɗa namiji ba mu da shi, uwarki kaɗai ce, ba a daɗe da yaye ta ba. Namijin da ke tsaye a kanmu shi ne ƙanen maigida, abokin wasana, wanda tun zuwana gidan muke zolayar juna. Wata safiya ya same ni ina dama wa Bikili dusa.

Ya ce, “Matata, wannan tsohon angon naki har yanzu kina dama masa fura? Ni da nake mijinki na gobe ko ruwa ba ki ba ni ba.”

Na ce, “Ka fara fitar da gemu tukuna. Shi ya yi mini aikin da ba ka yi ba.”

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Ya tsuguna ya rage murya. “Bar wasa, matar yaya. Na yi magana da wani dillali a Gangara, cikin masu kora dawaki kudu. Gobe zan zo da shi. A sayar, a samu abin shiga mota, a kai yaya likita Damagaram.”

Na ce, “Ka san abin da suke yi da tsofaffin dawaki a can ƙetare.”

Ya ce, “Na sani, yanka su ake yi. To sai me? Doki ne fa, ba mutum ba. Ki duba wanda ke kwance a ɗaki, sannan ki dubi wannan.”

Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma ba mugunta ce ta sa shi ba. Ashe maigida yana jin mu ta cikin zana. Da ƙanen nasa ya kama hanyar Gangara da yamma, sai maigida ya ce in kira masa liman. Liman ya zo ya zauna a bakin gado. Maigida ya ce, numfashi yana yanke masa magana, shi ba zai mutu a bayan mota tsakanin buhuna ba, ya san inda ciwon ya kai. Abin da yake so, ya ba da Bikili kyauta ga wanda zai riƙe shi har ya mutu a kan turke. Liman ya ce wa za a ba. Ya ce bai sani ba tukuna. A cikin gari ba wanda zai karɓa ya ɓata da ƙanensa, ga shi shekarar ba ta yi albarka ba, kowa na tattalin rumbunsa. Sai dai a kai shi babbar rijiyar da ke hanyar Tarka, inda makiyaya ke taruwa da bazara, kuma ni zan kai shi, don bayan shi ni kaɗai Bikili ke yarda da ita.

Liman ya juyo gare ni. Ya ce, “Baiwar Allah, ki saurara da kyau. Muddin yana numfashi, hannunki hannunsa ne, wanda kika miƙa wa igiya ya karɓa gaban shaidu, doki ya zama nasa. Amma in Allah ya yi ikonsa igiyar tana hannunki, aikenki ya ƙare a nan. Doki ya shiga gado, ko kin miƙa sai an karɓo shi.”

Na ce, “Malam, ta yaya zan sani ina can?”

Ya ce, “Ba za ki sani ba.”

Na yi kuka na ce ba zan tafi in bar shi a haka ba. Maigida ya bari na gama, sannan ya faɗa mini yadda zan gane mutumin. Ya ce duk wanda ya fara da buɗe bakin dokin don ya ga haƙori, lissafin abin da ya rage a jikinsa yake yi, kada in ba shi ko da ya yi rantsuwa. In nemi wanda zai fara da shafa bayansa, wurin da sirdi ke zama.

Gari na wayewa na kai uwarki wurin maƙwabciya, na roƙe ta ta riƙa leƙa shi. Na ɗaura sirdi, na rataya salka da ɗan buhun dusa. Na shiga na gyara masa matashi, na ba shi ruwa, ya faɗa mini wata magana da zan zo kanta. Na ja Bikili ta bayan gari a ƙasa, don mace a kan doki abin magana ne, sai da na wuce gonaki na hau. Ban taɓa tafiya irin wannan ba. In na matsa masa ya yi sassarfa, sai in ji numfashinsa ya yi nauyi, in tuna tsoho ne, in ya faɗi a hanya komai ya lalace. In na bar shi ya tafi a hankali, sai in ga rana tana hawa, in tuna wani numfashin da na baro a ɗaki. Kullum wuyana a waiwaye, don na san da zarar ƙanen maigida ya iso ya ga turke ba doki, sawu a bayyane yake a kan rairayi, kuma shi ma wurin wansa ya koyi bi. Duk ƙurar da ta tashi a bayana sai in ce shi ne. Sau da yawa guguwa ce kawai.

Da hantsi na iso wani ƙauye, na sauka don ya huta a inuwar aduwa. Wani mai hali, da babbar riga, yana zaune ana sauke masa kaya daga sabon amalanke, irin waɗanda suka fara shigowa ƙasarmu a lokacin. Ya gane dokin.

Ya ce, “Wannan ba dokin mai bin sawu ba ne? Ina mai shi?”

Na faɗa masa. Ya yi salati, ya ce mutumin kirki ne, ya taɓa dawo masa da raƙumi. Ya ce, “Kin huta da tafiya, ƴar uwa. Ni zan riƙe shi. Gero gare ni har na shekara mai zuwa. Ga mutane nan su shaida, ki koma wurin mijinki tun da sauran safiya.”

Wallahi har na fara kwance igiyar daga hannuna. Ga inuwa, ga gero, ga shaidu, ga gida bai yi nisa ba, da na juya a nan da na same shi da ransa. Mutumin ya miƙe ya matso. Sai ya kama leɓen Bikili ya ɗaga, ya leƙa, ya karkata kai ya dubi amalankensa.

Na mayar da igiyar na naɗe. Ya ce lafiya. Na ce an ce in kai shi rijiya ne, ba ni da ikon tsayawa. Ya ce, “Ke, hankalinki ɗaya kuwa? Mijinki na can yana jiran mutuwa, kina yawo da doki kina zaɓen mutane?” Mutanen wurin suka bi ni da ido. Na hau a gabansu, ban ma tuna da kunya ba, na wuce ina kuka. Maganar mutumin nan har yau takan dawo mini.

Na iso rijiyar rana ta kusa tsaka. Shanu ja masu dogon ƙaho sun cika fili, raƙuma a gefe, jakuna da salkuna, ƙura da kuka da kiran masu guga. Ban san kowa ba. Na tsaya riƙe da igiya kamar wadda ta ɓata. Samari suka kewaye ni suna tambaya ko na sayarwa ne, biyu daga cikinsu suka buɗe masa baki tun ban yi magana ba. Sai wani dattijon Bafillace, siriri, da malafa, ya bar shanunsa ya zo. Ya kore garken daga komin ruwa ɗaya, ya ja Bikili ya sha. Ya sassauta majayi, ya ɗaga sirdin, ya sa tafin hannu ya bi bayansa tun daga doro har ƙugu, a hankali. Sannan ya ce, “Mai wannan doki ya san Allah. Shekarunsa da yawa, amma babu tabon sirdi ko ɗaya.”

Na durƙusa na ce, “Baffa, naka ne. An aiko ni in ba ka.”

Ya ja da baya. Ya ce, “A’a, ɗiyata. Ban san ki ba, ban san mai shi ba. Ni wane ne?”

Na zayyana masa komai. Ya saurara yana kallon ƙasa, ya ce Allah ya ba shi lafiya, amma ga manya a wurin da suka fi shi cancanta. Na san halinsu, Bafillace ba ya karɓar abu da an miƙa masa, sai ya ƙi, an sake, ya ƙi, ya je ya yi shawara, wataƙila gobe ya aiko ɗansa. A wata rana da na girmama wannan kunyar. Ranar kuwa ina kallon inuwar Bikili tana tattaruwa tana shigewa ƙarƙashin cikinsa. Dattijon ya ce bari ya gama shayar da shanu tukuna, mu zauna, a kawo mini nono.

Na ce, “Baffa, ba ni da zama. In ya cika kafin ka kama igiyar nan, wuƙa ce rabon dokin.”

Ya ce, “Ba ni da gero kamar mutanen gari.”

Na ce, “Ba ya iya cin mai yawa. A jiƙa masa dusa, a ba shi kanwa. Ba zan ɓoye maka ba, idonsa na hagu ya yi rauni, ta dama ake zo masa. Bulala ba a taɓa sa masa ba. Gudu ya ƙare masa, amma zai ɗauki jariri bai farka ba.”

A nan mai guga ya ƙwala kira cewa wasaki ya fito. Bikili, da ke tsaye ba a ɗaura masa komai ba, ya ɗaga kai ya juya da kansa ya fuskanci rijiya, kamar yadda ya saba. Masu ruwa suka fashe da dariya, wani ya ce, “Kai, wannan ya fi ɗana jin magana!” Dattijon bai yi dariya ba. Ya dubi can gefe inda wata tsohuwa ke zaune a inuwar kaya, ƙafafunta a miƙe. Ya ce uwarsa ce, jaki yana wahalar da ita in sun yi ƙaura, raƙumi kuma tana tsoro. Sannan ya goge hannunsa a riga, ya ce wa masu ruwa su shaida, ya yi bismilla ya kama igiyar. Na dubi ƙasa. Inuwata tana ƙarƙashin ƙafata, rana ba ta karkata ba.

Ban tsaya shan nonon ba. Matansu suka ɗora ni a kan jaki tare da masu kai ruwa wajen gabas, sauran hanyar na ƙarasa a ƙafa. Bikili ya yi haniniya sau ɗaya a bayana, ban juya ba. Rana na shirin faɗuwa na hango garinmu, na kasa kunne ban ji tabarya ko ɗaya ba. Tun a nan na sani. Na tarar da tabarmi a ƙofar gida, maza sun dawo daga maƙabarta, ƙasa a ƙafafunsu. Ban ga fuskarsa ba. Ɗakin ma har an share.

Bayan addu’ar uku aka zauna maganar gado, ni ina bayan zana cikin takaba. Dangi suka ta da zancen doki, wasu na cewa a je a karɓo, ai dillalin bai bar Gangara ba. Liman ya tambaye ni lokacin da aka kama igiya, na ce rana tana tsaka, kuma akwai shaidu a rijiya. Ya ce saura a san lokacin da mamaci ya cika. Maƙwabciyata ta ce ita ta tafi ɗebo ruwa. Ba wanda ke ɗakin sai mutum ɗaya, ƙanensa, wanda in ya ce da hantsi ne, dokin ya dawo, kuma yana da kaso mai tsoka a ciki. Liman ya juya ya tambaye shi.

Sai ya ce, “Na zo na ga turke ba doki, na ari raƙumi zan bi ta. Na shiga in gaya wa yaya, sai ya kama hannuna ya ce in tallafe masa kai. Bai sake ni ba. Duk sanda na motsa sai ya ƙara damƙewa. Yana ta tambayata ina rana take, ina leƙawa ina faɗa masa. Da na ce ta karkata, har inuwar rumbu ta taɓa zana, sai ya ce, to, ta isa. Daga nan ya saki hannuna.” Ya juyo wajen zanan da nake, ya ce, “Matar yaya, angon naki ya tsira.” Daga ranar bai ƙara yi mini wasa ba, ni ma ban ƙara yi masa ba, har ya bar duniya.

Na sake ganin Bikili sau ɗaya, bayan damina biyu, Fulani na wucewa arewa ta bayan gonarmu. Tsohuwar tana kansa, da ɗan maraƙi a gabanta, yana tafiyarsa ta da. Na ɓuya a bayan kalgo don kada ya ji warina ya tsaya. Ta wannan wajen raina a kwance yake. Ɗaya wajen ne bai kwanta ba. Mutumin da ya iya riƙe ransa har rana ta karkata, ya san ranar ce. Ya san in na tafi ba zan same shi ba. Wani lokaci in ce dokin ya zaɓa ya bar ni, sai in ji haushinsa kamar yana nan kusa. Wani lokaci in tuna yadda nake suma in na ga ana yanka ko da akuya ce, yana yi mini dariya, sai in ce ni ya tausaya wa, dokin hanya ce kawai. Yau in gaskata wannan, gobe in gaskata wancan.

Da safen ranar da na tafi, da na ba shi ruwa na miƙe, na kai bakin ƙofa sai ya kira ni. Na juyo. Ya daɗe yana kallona, har na ce ko in fasa. Ya girgiza kai.

Ya ce, “Ƴar Gangara, ki yi sauri wajen zuwa. In kin miƙa igiyar, ki dawo a hankali, rana da zafi.”